Derailleur: wace kalma za mu ba shi kafin Alhamis?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara 'yar takarda ga yaran da ke koyon gyaran keken tsere na hannu, irin 'yan Kwatanon nan. Kaca, birki, feda, boris, duk na samu. Derailleur ne ya tsaya mini, wato ƙarfen baya mai ƙananan ƙafafu biyu, wanda ke ɗauke kaca daga wani haƙori ya ɗora ta kan wani. Jimlar ita ce: a wanke kaca da shi wannan abu da kananzir da tsohon burushi, a bari su bushe, a ɗiga mai kaɗan a goge ragowar, don ƙurar hunturu manne wa mai take yi. Alhamis zan kai ɗab'i.

Mai Faci, Mabera: Malam, giya muka ce mai. Sa giya ka huta.

Mai Fassara: Oga, sai in rubuta "a wanke giya", a Sakkwato? Kuma giya ai duka tsarin ne, har waya da haƙora.

Ɗan Konni: Kalmar Faransanci ce, daga jirgin ƙasa ya sauka daga kan dogo. Har tseren Tour de France sai 1937 ya yarda da shi.

Malamin Hausa: Madalla. To magoci ke nan, daga goce. Ma- a gaba, -i a baya, kamar mabuɗi da magogi.

Inna Mai Keke: Masauyin kaca fa? Ko macanji.

Malamin Hausa: Hajiya, canji aro ne. Magoci gajere ne, kuma ya bi asali.

Mai Faci, Mabera: Allah shi gafarta Malam, in kaca ta goce ai matsala ce. Kusoshin nan biyu na jikin ƙarfen, masu alamar H da L, aikinsu ke nan su hana ta faɗawa cikin ƙafar keke ko ta faɗo waje. Ka ce ma yaro "gyara magoci", mi za shi gane?

Malamin Hausa: Ku da kunka maida kowane ƙarfe Shimano, har wanda bai taɓa ganin Japan ba!

Bakano a Sakkwato: Ni dai a rubuta da daidaitacciyar Hausa, kar mu ga "wanga" da "munka" a takarda.

Inna Mai Keke: Ɗana, wa ya tambaye ka? Hausar da malaman jihadi sunka yi waƙoƙi da ita kaka raina?

Bakano a Sakkwato: Tuba nake, Inna. Amma littafin makaranta...

Mai Fassara: Jama'a, don Allah, Alhamis.

Mai Faci, Mabera: Duk sunan da kas sa, ƙara masu cewa kada su zuba baƙin mai. Da ƙura yaka haɗuwa ya ci haƙora. Kuma in keken ya taɓa faɗuwa ta dama, a duba maratayin ƙarfen, yana lanƙwashewa.

Mai Fassara: Na ƙara. Na ɗauki masauyin kaca, na gaba da na baya.

Malamin Hausa: Ba laifi a nahawu. Amma gaɓa biyar ce, babu makaniken da zai faɗe ta.

Mai Fassara: Saura abin da ake dannawa a kan keke.

Mai Faci, Mabera: Hannun giya.