Fita da keke: mu tafi ayari guda ko mu kasu rukuni-rukuni?

Sakatare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kulob ya cika ya batse, fitar ƙarshen mako yanzu tana tara mutum 30, wani lokaci har fiye. Wasu na son mu ci gaba da tafiya tare, wasu na cewa a kasa mu. Kafin shugabanni su zauna, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a kan hanya.

Madugu

Wa alaikumus salam. Tunda ni ke gaba, bari in fara. Babbar damuwata murya ce. In muna mutum takwas ko goma, na hango rami na nuna da hannu na ce "rami a hagu", kowa ya ji. In mun kai 30, sai saƙon ya bi baki-baki, kuma da zarar mutum biyu a tsakiya sun shagala da hira, ya mutu a nan. Na baya ba sa ganin kwalta, bayan abokansu kawai suke gani. Saƙon da ke tasowa daga baya ya fi wahalar isowa, don iska na kaɗa mini kunne. An taɓa yin faci a can ƙarshen layi, ana ta kira, mu na gaba ba mu ji komai ba sai da muka yi nisa wani yaro ya biyo mu da gudu yana haki.

Sai tsawon ayarin. Mutum 30 bibbiyu sahu 15 ke nan, in aka haɗa da tazara mun doshi mita 40, mun ninka tirela. Direban da zai wuce mu dole ya daɗe a hannun da ba nasa ba. Mota na ɓullowa daga gaba, ba shi da wurin shiga sai tsakiyarmu. Na ga hakan, kuma ba na fatan in sake gani.

Mai bin baya

Madugu ya faɗi nasa, amma wahalar tana wajenmu. Shi in ya taɓa birki kaɗan a kwana, kafin abin ya iso gare mu ya zama cikakken birki. Muna fitowa daga kwanar kuma su sun riga sun ɗauki gudu, sai mu miƙe tsaye a kan feda mu kamo su. Haka za a yi ta yi har a dawo. Kuma su wa ke baya? Marasa ƙarfi da sababbi, waɗanda ya kamata a sauƙaƙa wa. Abin da ya fi tayar mini da hankali danja ce. Ta ba rabinmu hannu ta tsayar da rabi, sai ka ga mutum mai hankali ya keta ja don kada a bar shi. Ni kuma aikina ƙirga kawuna ne. Goma nakan ƙirga da kallo ɗaya, 30 kuwa sai an tsaya.

Hajiya

Malam Madugu, na ji ku, amma ku ji ta wajenmu. Ranar da muka fita mu huɗu, duk mata, wata mota ta matso har madubinta ya kusa shafar kafaɗata, ga ihun da wasu suka riƙa yi mana daga gefen hanya. A babban ayari ban taɓa ganin haka ba. Direba na hango taro tun daga nesa ya rage gudu, masu neman magana kuma su kama bakinsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma ƙaramin rukuni ba shi da tabbas: an shirya mutum biyar, biyu sun ba da uzuri da asuba, sai ka ji an fasa. Mata da dama da na jawo kulob ɗin nan saboda yawanmu suka yarda suka zo. In za a raba, kada a raba mu ƙanana har mu koma abin da muka gudo.

Sabon shiga

Anti ta faɗi abin da ke raina. Farkon zuwana aka haɗa ni da mutum biyar masu ƙarfi. Kirki kam suna da shi, kowane hawa sai sun jira ni a sama, amma ina isowa suke tashi, su sun huta ni ban huta ba. Kunya ta hana ni cewa a dakata. A babban ayari na samu wasu daidai ni, muka riƙa tafiya muna hira. Don haka a ganina kafin a yi maganar mutum nawa, a fara duba gudun wa ya yi daidai da na wa.

Injiniya

Ƙanena ya yi gaskiya. Bari in ƙara da maganar iska, tunda ita masu son taro suka fi kafa hujja da ita. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, in gudu ya kai kilomita 30 a awa, yawancin ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya laɓe dab da tayar na gabansa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala. A 2018 Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan ya gwada ayarin mahaya 121, ya gano cewa wanda ke tsakiya ta can baya iskar da yake fama da ita kashi 5 zuwa 10 ce kawai cikin ɗari na wadda mai tafiya shi kaɗai ke sha. Sai dai wannan cunkoson 'yan tsere ne, irin na gasar Tour de France, inda ake rufe hanya su bazu daga gefe zuwa gefe. Mu bibbiyu muke jerawa a gefen titi, motoci na wucewa. Ni da na hau cikin takwas na kuma hau cikin 30, ban ji bambancin da ya kai a yi kasada dominsa ba. A cikin takwas ma karɓa-karɓar gaba ta fi tafiya daidai, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya. A babban taro mutum huɗu ne ke ja tun safe, saura na kwance a bayansu.

Mai gyara

Yawan kekuna, yawan faci. Kuma mutum 30 tsaye a bakin titi ana jiran a canza tib ɗaya, wannan ma haɗari ne. Amma in an kasu, kowane rukuni ya tabbatar akwai famfo da tib da abin gyaran sarƙa kafin a tashi. A taro ba a rasa mai su, a cikin shida ana rasawa.

Baba

'Ya'yana, ni na ga duka biyun. Lokacin korona a 2020 da aka hana taruwa, dole ta sa muka koma fita 'yan kaɗan-kaɗan. Tafiya ta yi daɗi, ba na musu. Na san mutanen da muka shekara muna hawa tare ban taɓa jin muryarsu ba. Amma da aka buɗe gari sai rukunonin nan suka ƙi haɗuwa, kowa ya riƙe mutanensa, suna sa lokacinsu su kaɗai. Baƙo ya zo ya tsaya riƙe da kekensa, ba wanda ya ce masa zo mu je. Abin da nake tsoro ke nan. A raba a kan hanya, na yarda, amma wurin tashi ɗaya, wurin hutu ɗaya, kuma kada a bar mutane su zaɓi abokansu kowane mako.

Madugu

Allah ya ƙara girma, Baba, na karɓa. Hajiya, ba huɗu nake nufi ba. Takwas zuwa 12, yadda direba zai gan ku taro ne, na gaba kuma ya ji kiran na baya. Masu sauri su fara tashi, a ba da tazarar minti biyar, don in masu sanyi suka riga, za a cim musu a hanya a sake curewa. Abin da zai iya kawo cikas shi ne ma'aikata. Rukuni uku na bukatar madugu uku da mai bin baya uku waɗanda suka san hanyar, mu kuwa yanzu biyu ne kacal.

Hajiya

In 12 ne na amince, da sharaɗin rukunin masu sanyi ba ya barin kowa a baya, kuma in ranar mun gaza takwas a haɗe mu da na tsakiya. Sakatare, rubuta sunana a masu bin baya. Madugu sai ka turo mini taswirar hanyar tun ranar Alhamis in duba mahaɗun.