Karma, zaman shiru da carbi: aron abu daga wani addini yana sauya zuciya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. A 'yan shekarun nan kalmar "karma" ta zauna a bakin matasan Katsina. Mai Keke Napep ya cuci fasinja, taya ta fashe a gaba, sai ka ji an ce karma ce ta kama shi. Ga manhajojin waya masu koya wa mutum ya zauna shiru minti goma yana bin numfashinsa, ga bidiyon yoga ko'ina. An ce duk daga addinin Hindu da na Buda suka fito. Shin ɗaukar kalma ko aiki daga wani addini yana sauya yadda mutum ke kallon Allah da kansa, ko fanko ne kawai? Sannan mai son fahimtar addinan duniya ta ina zai fara? Ba muhawarar wane ya fi wane nake nema ba, bayani nake so.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Yana sauyawa, amma a hankali, kamar yadda ruwa ke cin ginin ƙasa daga gindi.

Yaron da ya ce karma ta kama mai Keke Napep alhaki yake nufi. Bahaushe ya daɗe da cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To amma kalmomin biyu ba gida ɗaya suka fito ba. Alhaki haƙƙin wani ne a wuyanka. Akwai wanda ka zalunta, akwai Allah mai hukunci, akwai kuma ƙofar fita: ka yi nadama, ka daina, ka ƙudurta ba za ka koma ba, ka mayar da abin da ka ci ko ka nemi gafarar mai shi. Ita karma a wurin masu ita doka ce mai aiki da kanta, kuma tana ɗaure da imanin cewa mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa sau da dama, abin da suke kira samsara. A koyarwar Buda ma babu alƙalin da ke yanke hukuncin. Aiki ne ke haifar da sakamakonsa kamar iri da tsiro. Wani abin lura shi ne, Buda ya ɗora karma a kan niyya, wanda ya yi kusa da hadisin farko na Arba'una. Kusancin ke ruɗar mutane su ɗauka abu ɗaya ne.

Inda bambancin ke fitowa fili shi ne gaban mai wahala. An haifi yaro makaho. Wanda ya riƙi karma da cikakkiyar ma'anarta zai iya cewa sakamakon wata rayuwa ce da ta gabata. Musulmi zai ce jarrabawa ce, ya kawo Annabi Ayuba. Wanda kalmar ta zauna masa a baki shekara biyar, sai ka ji ya fara cewa duk wanda bala'i ya samu da abin da ya yi, ko da bai taɓa jin samsara ba.

Ga tambayarka ta biyu. Kowane addini ka yi masa tambaya huɗu, ka rubuta amsar da mabiyansa ke bayarwa da bakinsu: Mene ne gaskiya mafi girma? Mene ne ciwon ɗan Adam? Mene ne maganinsa? Me ke bayan mutuwa? A Musulunci ciwon shi ne gafala da saɓo, magani shiriya da tuba. A Kiristanci zunubi ne da ya raba mutum da Allah, magani ceto ta wurin Yesu Almasihu. A addinin Buda ciwon kwaɗayi ne da riƙo, magani hanya mai rassa takwas, ƙarshe nibbana, wato mutuwar wutar kwaɗayi da fita daga samsara. Kuma mabiya Buda ba su yarda akwai wani "ni" dawwamamme a cikin mutum ba. Hindu suna neman moksha, wato kuɓuta daga zagayen haihuwa, ta hanyar ilimi ko aiki ko ƙaunar abin bauta. Yahudawa sun gina komai kan alkawari da dokoki, waɗanda malamansu suka ƙirga 613.

Wannan karatu ba baƙo ba ne a wurin malaman Musulunci. Biruni ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafi kan Indiya wajen 1030. Ibn Hazm na Andalus ya rasu a 1064 ya bar Al-Fisal, littafi kan addinai da ƙungiyoyi. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya rubuta Al-Milal wan Nihal, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa domin yakan kawo ra'ayin mutane yadda suka faɗa, ba ya gaggawar raddi.

Mai Carbi:

Malam ya gama da karma, bari in taɓa zaman shiru, don nan ne aka fi kuskure.

Abin da ke cikin manhajoji irin su Headspace da Calm tushensa aikin mabiya Buda ne na lura da shigar numfashi da fitarsa. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya cire masa rigar addini a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, ya mai da shi shirin mako takwas na rage damuwa. Daga nan ya yaɗu.

Duk irin wannan aiki ka raba shi gida uku: abin da jiki ke yi, abin da baki ke faɗa, da inda zuciya ta dosa. Zama a miƙe da jan numfashi a hankali aikin jiki ne, ma'aikatan asibiti ma suna koya wa mai fargaba. Abin da baki ke faɗa kuwa ba fanko ba ne. "Om" kalma ce mai tsarki a wurin Hindu. Jerin motsi goma sha biyu da ake yawan buɗe yoga da shi sunansa Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana. Na ukun shi ne mafi ɓoyuwa. Mai bin tsarin Buda yana kallon tunani ya zo ya wuce har ya gane babu wani tsayayye a cikinsa. Mai muraƙaba yana zaune ne da sanin cewa Allah na ganinsa. In ka leƙa ta taga, duk biyun a zaune suke shiru. Ɗaya shi kaɗai ne, ɗaya a gaban Wani yake.

Haka carbi. Kusan kowa yana ƙirga. Namu 33 ne ko 99 ko 100. Na Hindu da Buda 108. Rosari na Katolika 59. Kiristocin Otodoks igiya suke ɗaura wa ƙulli 33 ko 50 ko 100. Batijjane yana lazimi safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Amfanin ƙirga a ko'ina ɗaya ne, yatsu su kama aiki don zuciya ta daina yawo. Ciwonsa ma ɗaya ne: sauri. Wanda ya ja hailala ɗari cikin minti ɗaya lamba ya cika.

Abubuwan da ke lalacewa su ne waɗannan. Na farko zuba da yawa lokaci guda. Akwai zaman vipassana, wani zaman shiru mai tushe a addinin Buda, na kwana goma, ba magana, kusan awa goma a zaune kullum. Mai ɗauke da tsohon firgici ko ciwon damuwa zai iya fitowa ya fi yadda ya shiga muni. Sufaye sun san haɗarin nan tun da daɗewa, shi ya sa ba a shiga halwa sai da izinin shehi da kulawarsa. Rage abinci, rage barci da kaɗaici in suka haɗu, mutum yakan fara gani da jin abin da babu shi, ya ɗauka buɗi ne. Alamar a dakata ita ce kwana biyu ko uku ba barci, ko tsoro marar dalili, ko mutum ya fara jin ya wuce sauran mutane. Irin wannan likita yake buƙata kafin wuridi. Na biyu, mai da natsuwa ta zama ita ce abin nema. Sai ranar da ya yi salla bai ji sanyin nan ba ya ɗauka sallar ba ta karɓu ba, alhali jin daɗi ba ya cikin sharuɗɗanta.

Mai neman tsari ya duba Ihya'u na Gazali, babin muraƙaba da muhasaba. Bayan Asuba ka gindaya wa kanka sharaɗi, abu ɗaya tak, misali yau ba gulma a majalisa. Da rana ka sa ido. Kafin barci ka zauna minti goma ka yi lissafi kamar ɗan kasuwa da yaron shagonsa: farilla ita ce uwar kuɗi, nafila riba, saɓo asara. In an faɗi, a biya da wani abu ƙayyadadde, kamar sadaka ko raka'a biyu. Wanda ya ɗauki sharaɗi bakwai a ranar farko ba ya kai mako.

'Yar Malumfashi:

Salama gare ku. Ni Kirista ce, kuma na gode wa Baba Malamin Tarihi da ya ce a ɗauki amsa daga bakin masu addini. Zan ƙara kaɗan.

Maganar makahon yaro tana cikin Yohanna sura 9. Almajirai suka tambayi Yesu, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba ko ɗaya. Don haka nan mun haɗu da ku wajen ƙin karanta wahala a matsayin hujjar laifi. Inda muka rabu shi ne maganin zunubi: a wurinmu ceto kyauta ce ta alherin Allah, ayyuka suna biyo baya ne a matsayin 'ya'yan itace. Wannan yana sauya yadda mutum ke ji in ya faɗi.

Kada kuma a haɗa Kiristoci a buhu ɗaya. A wurin Katolika da wasu majami'u, azumin kwana 40 kafin Ista yana farawa ran Larabar Toka, ba a ƙirga Lahadi a ciki. Katolika daga shekara 18 zuwa 59 suna azumi a Larabar Toka da Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu: cikakken abinci sau ɗaya, ƙanana biyu, ana shan ruwa, kuma ba a cin nama a Juma'o'in lokacin. A ECWA da majami'u irinta ba a ɗora wannan a matsayin doka, ikilisiya ko mutum ne ke sa wa kansa ranakun azumi da addu'a. Yahudawa a ranar Yom Kippur, ranarsu ta neman gafara, suna kamewa kusan awa 25, ba ci ba sha. Sufayen Buda na ƙasashe irin su Tailan ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka. Kalma ɗaya ce, azumi, amma maƙwabci Musulmi in ya ga Kirista na shan ruwa sai ya ce wasa yake, don da mudun Ramadan ya auna.

Malam Mai Carbi, lissafin dare da ka kawo akwai irinsa a wurinmu, daga Ignatius na Loyola, wani malamin Katolika wanda ya rasu a 1556. Kamar minti goma sha biyar ne: godiya, roƙon haske, bin yinin sa'a bayan sa'a, neman gafara, sai ƙudurin gobe. Godiya ake sawa a gaba da gangan. In aka fara da laifi, mai yawan waswasi yakan maƙale a nan ya kwana yana tuhumar kansa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ke nan a goge manhajojin, a kuma hana yara faɗin karma?

Bakin Kusugu:

Ɗan'uwa, kada ka yi saurin kai wa nan. Ni ina ganin Malamin Tarihi ya ɗan ba kalma ƙarfin da ya fi nata. Ƙasar Hausa ta daɗe tana aro. Sunayen ranakunmu bakwai daga Larabci suke. Bamaguje yana cewa Allah, yana rantsuwa da shi. A cikin iskokin bori har akwai Malam Alhaji. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmomin Allah, addu'a, azumi da zunubi aka yi amfani da su, kuma Kiristoci ba su zama Musulmi don haka ba. Kalma tana shiga gida ta ɗauki ɗabi'ar masu gidan, in gidan da mutane a ciki.

Abin da ke gina yadda mutum ke kallon duniya shi ne abin da yake maimaitawa: ƙarfe nawa yake tashi, me yake yi da kuɗinsa, yaya ake binne mamacinsa. Wanda ke tsayawa sau biyar a yini, yana fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa, ɗaya cikin goma na geron da ruwan sama ya shayar, yana bin gawa zuwa maƙabarta a ranar da aka rasu, bidiyon minti ɗaya ba zai juya shi ba. Wanda ake ji wa tsoro shi ne yaron da bai gama Ahalari ba, ya tsinci guntun Buda, guntun Hindu, guntun masu cewa ka yi tunanin kuɗi za su zo maka, ya zuba a tukunya ɗaya. Ba ya cikin ko ɗaya, kuma babu malamin da zai ce masa ya yi kuskure, don babu mai irin tukunyarsa.

Hana faɗin kalmar ba ya aiki, sai ma ya ƙara mata farin jini. In yaro ya ce karma, tambaye shi: wanda ya tuba ya mayar da haƙƙi, tana sakinsa? Wa ke sakinsa? Amsar da zai bayar za ta nuna maka ko alhaki yake nufi.

Manhaja kuwa, ka saurari darasi uku na farko da kanka kafin ka yanke. In ƙirga numfashi ne kawai, hukuncinsa daban da wanda ake ba ka kalmar da za ka maimaita ko ake ce maka ka roƙi "sararin duniya" buƙata. Ka rubuta ainihin kalmomin da ake faɗa ka kai wa malamin fiƙihu, in ka je da tambayar "yoga halas ce?" a dunƙule, amsa a dunƙule za ka samu. Wajen karatu kuma, addini ɗaya a lokaci ɗaya, wata biyu ko uku, daga littafin da mabiyansa suka yarda da shi. Littafin raddi ya zo daga baya. A nan Arewa Kiristanci ya fi sauƙin farawa, tunda ga littafinsa da Hausa, ga kuma masu shi a layinku da za ka tambaya in wata aya ta shige maka duhu.