Sake girka vCenter: abin da ke ɓata da abin da ke tsira

Masu kula da sabobi a Damagaram sun tattauna, kuma bakinsu ya zo ɗaya: sake girka vCenter, wato manhajar VMware da ake sarrafa sabobi da ita daga wuri ɗaya, ba ya taɓa injunan (kwamfutocin manhaja, wato virtual machines) da ke gudana kan ESXi, tsarin da ke kan sabar kanta, domin fayilolinsu suna cikin ma'ajiyar VMFS, wato tsarin ajiyar fayiloli na ESXi. Abin da ke ɓata shi ne rumbun bayanan vCenter ɗin: izinin ma'aikata, tarihin aiki, da tsarin Distributed Switch mai haɗa sadarwar injuna tsakanin sabobi.

Kafin komai, a shiga shafin kula da vCenter ta tashar 5480 a ɗauki kwafin bayanansa, a ajiye a wata na'ura daban. In an kulle injuna da Native Key Provider, wato mai ba da makullin sirri na cikin vCenter, a fitar da makullin tukuna. In ya ɓata, sai haƙuri.

In kuwa ESXi ɗin kansa za a sake girkawa, babbar ɓarna tana nan: zaɓin share VMFS maimakon barinsa. Kuma kada a fara sai batirin ajiyar wuta ya cika, saboda ɗaukewar wuta.