Zan kai Inna Yawunde a jirgin ƙasa: wane aji zan saya?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Asibiti ya ba Innarmu safiyar Talata a Yawunde. Shekaru sun ja, gwiwa ta hana ta hawa tsani, kuma doguwar tafiyar mota tana kwantar da ita. Mu biyu ne, daga Garwa za mu tashi, da akwati biyu da buhun gero ɗaya na 'yan uwa a unguwar Briketeri ta Yawunde. Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Wane aji ya dace da ita, yaushe za mu bar Garwa, kuma yaya ake yi da buhun?

Mai Shayi:
Wa alaikumus salam. Aji na biyu mana, sefa 10,000 kowa, ragowar kuɗin ku sayi magani. Duk jirgi ɗaya ne, tare za a sauka.

Hajiya Mai Zuma:
Haba Mai Shayi, an ce maka tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Aji na biyu ba wurin miƙe ƙafa, kaya har hanyar wucewa, fitila a kunne har safe, masu tallar magani suna kai da komo da surutu. Wa zai kai uwarsa can ta kwana zaune?

Baba Mai Ritaya:
Yaro, Allah ya ba ta lafiya. Layin jirgi bai kai Garwa ba, sai kun je Ngaundare a mota ku hau a can. Daga Ngaundare zuwa Yawunde kilomita 622 ne. Jirgin Camrail da dare yake tafiya, yana tashi wajen ƙarfe 7 na yamma, in komai ya daidaita a shiga Yawunde da hantsi. Aji huɗu ne: na biyu, na ɗaya mai kujera, ɗakin kwana mai gado 4, da mai gado 2. Saya mai gado 2, ku kaɗai, ka kulle ƙofa ta ciki. Gado ɗaya ƙasa ɗaya sama, ita ta ɗauki na ƙasa. In sai mai gado 4 ya rage, ka faɗa a wurin yankan tikiti cewa gadon ƙasa kake so, domin in an riga an rubuta mata na sama sai dai ka roƙi wani ya yi musanya, kuma ba kowa ke yarda ba. Gadaje ne ke fara ƙarewa, kar ka bari sai ranar tafiya. Da katin ɗan ƙasa na kowannenku ake yanka, suna a jikin tikiti, kuma za a duba kafin shiga. Ku hau ranar Lahadi, ku huta Litinin. Wanda ke da likita Talata da safe bai hau jirgin daren Litinin.

Mai Shayi:
Gado 2 ɗin nawa ne?

Ɗan Kusiri:
28,000 ɗakin gaba ɗaya.

Hajiya Mai Zuma:
Wane ɗaki? 28,000 kan mutum ɗaya ne. Su biyu 56,000. Mai gado 4 kuwa 25,000, kujerar aji na ɗaya 17,000.

Ɗan Kusiri:
To ni 17,000 aka ce mini na kwanciya ne.

Hajiya Mai Zuma:
Kwanciya a kujera, eh. Tana ɗan lanƙwasawa baya, shi ke nan.

Alhaji Mai Albasa:
Kuna ta lissafin gado, ba wanda ya faɗa masa gaskiyar layin nan. Layi ɗaya ne tal tun daga Ngaundare har Yawunde. In jirgin kaya na tahowa, dole ɗaya ya raɓe a tasha ya jira ɗan uwansa ya wuce. In kuwa taragon kaya ya sauka daga layi a dajin da ke tsakanin Ngaundal da Belabo, to kowa ya zauna, babu hanyar kewayewa, sai an kawo na'ura an ɗaga shi. A wurare da yawa wayar ma ba ta kamawa, ba za ka iya gaya wa mai jiranka komai ba. Mu 'yan albasa muka san wannan. Albasar Marwa da Garwa a busasshiyar iska ta girma. Da ta wuce Belabo ta shiga damshin kudu, a cikin buhu, a rufaffen tarago, sai ta fara gumi. Kwana ɗaya na jinkiri, ƙasan buhu ya jiƙe, a kasuwa mai saye ya luma yatsa ya sare maka kuɗi. Wa zai biya ka? Ba kowa. Ga 'yan dako, a yi ciniki kan buhu, ya kai rabin hanya ya sauke ya ce nauyi ya fi yadda ya zata. Ga ɓarayin taga. Jirgi na tsayawa tsakar dare, kai kana gyangyaɗi, waya na caji kusa da taga, hannu ya shigo ya fita. Kafin ka sa takalmi jirgi ya motsa.

Mai Shayi:
Alhaji, Inna za a kai asibiti, ba albasa ba. Ita ba ta gumi a buhu.

Alhaji Mai Albasa:
Dariya kake yi. Jinkirin da ke ruɓar da albasa shi ke sa mara lafiya ya rasa ranar likita.

Baba Mai Ritaya:
Shi ya sa na ce Lahadi. Maganar taga gaskiya ce, amma maganinta kaɗan ne: rufe taga kafin kowace tasha, waya da kuɗi da takardun asibiti a ƙaramar jaka ƙarƙashin matashi. Babban kuɗi a bar shi cikin waya, Orange Money ko MoMo, a cire a Yawunde.

Alhaji Mai Albasa:
Baba, da girmanka, jirgin zamaninku daban, na yau daban. A bar masu hawa yanzu su yi magana.

Hajiya Mai Zuma:
Masu hawa da buhuna ko masu hawa da tsofaffi? Cikin abin da Baba ya faɗa wanne ne ƙarya? Ɗan Garwa, ji nan ƙanena. Ngaundare kan tudu take, ba zafin Garwa ba ce, da dare akwai sanyi, jirgin ma yana yin sanyi gab da asuba. Ɗauko mata bargo da safa. Ruwan gora babba 3, buta, sabulu, domin ruwan banɗaki ba abin dogaro ba ne zuwa safe, kuma banɗakin a ƙarshen tarago yake, jirgi na jijjiga, sai ka riƙe ta. Maganinta na kwana 2 a hannu, kar ya shiga akwati. Akwai abinci a jirgin, amma mai ciwo gara abin da cikinta ya saba, fura ko kunu a fulas, burodi, dabino. A tashoshi mata na zuwa gefen taga da zuma, ayaba, fiya, abarba da bobolo, wato kwaɓin rogo da ake naɗewa a ganye. Tanadi canji, ɗari-ɗari da 500, kar ka miƙa 5,000 ta taga kana jiran canji. Matakalar tarago tana da tsawo, samu mutum ɗaya ya tallafa mata ta ƙasa kai kana ja ta sama. Ku shiga da wuri kafin turmutsitsi.

Malam Na Liman:
Ku matafiya ne. Ku haɗa Magariba da Isha, Isha raka'a 2. Asuba a cikin jirgi za ta same ku, a ɗaki akwai wurin tsayuwar mutum ɗaya, ita ta yi a zaune. Kar ka sauka a ƙaramar tasha don salla, tsayuwar ba ta da tsawo.

Goggon Yara:
Ni tun hatsarin jirgin ƙasa na Eseka ba na ba kowa shawarar jirgi.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wancan 21 ga Oktoba 2016 ne, tsakanin Yawunde da Duwala, mutum 79. Amma Goggo, in ba jirgi ba sai mota ta Meiganga, Garwa-Bulai, Bertuwa. Ki auna wannan zaman da gwiwar tsohuwa.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. Saura buhun geron, da lokacin barin Garwa.

Ɗan Kusiri:
Motar asuba, kar ka yarda da ta rana. Garwa zuwa Ngaundare kilomita 280 ne ko kusa da haka, amma motar ajans, wato kamfanin motocin fasinja, ba ta tashi a kan lokacin da ta faɗa, ga shingayen jandarma, ga hawan dutsen bayan Mbe inda manyan motoci ke rarrafe. In tirela ta mutu a wata kwanar hanya a can, layi ya ƙulle. Ku ma kuna da sauƙi. Mai fitowa daga Kusiri ko Njamena sai ya ci wahalar Mora da Dabanga tukun, ya kwana a hanya, kafin ya ga ƙarfen jirgi da idonsa.

Alhaji Mai Albasa:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Tun 1974 layin ya iso Ngaundare ya tsaya cak. Auduga daga arewa, shanu daga arewa, albasa da gyaɗa daga arewa, kayan Chadi duk ta nan, amma ƙarfe bai ƙara taku ɗaya zuwa Garwa ba. Kullum ana maganar za a ja shi har Njamena.

Mai Shayi:
In ya iso Njamena shayin ranar kyauta ne, ku rubuta ku ajiye.

Ɗan Kusiri:
A fara toshe mana ramukan Mora tukun. Motar da ta shiga can da damina sai an ɗaura mata igiya.