Rim na Toyota GT86: siraran hannaye ko mai raga?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota. Ina da GT86 ƙirar 2013, rim ɗin kamfani inci 17, noti biyar, 5x100 (wato a kan da'ira mai faɗin milimita 100). Na rasa wanda zan ɗauka tsakanin Enkei RPF1 mai siraran hannaye da irin mai raga na kamfanin BBS. Na farkon ba shi da nauyi, wankinsa da sauƙi, amma wani makanike ya ce hannayensa kan taɓa birki idan an sa babba. Mai ragar ya fi burge ni, sai dai ƙurar birki na maƙalewa a lungunansa, ga tsada. Kuma in na koma inci 18, tayar za ta sirance, ramukan titi su lanƙwasa rim. Wanda ya gwada, don Allah wanne ya fi jurewa?