Awon hayaniyar faz: in sayi na'ura ko in haɗa tawa?

Mai gyara, Zango: Assalamu alaikum. An kawo mini na'urar watsa shirin FM da ake zargin tana malala cikin tashar maƙwabta, kuma ina son auna hayaniyar faz (wato ƴar rawar da sigina ke yi a gefen mitarta) ta osilatonta, sashen da ke samar da mitar, a tazarar kilohaz 10 daga ainihin mita. Jaka 80 ke hannuna. In sayi tinySA, ƙaramar na'urar duba mita, ko in haɗa miksa (mai gauraya sigina biyu) da osilato mai tsabta?

Alhajin Birni: Ƙanena, kada ka kusanci tsohuwar na'urar duba mita. Na sayo ɗaya a Kano kan jaka 400, duk osilaton da na ɗora mata sai ta nuna hayaniya iri ɗaya, har na cire wa mutane kiristal (abin da ke tsayar da mitar osilato) masu lafiya na biya daga aljihuna. Ashe hayaniyar cikinta take zana mini. Mai sayarwar ya daina ɗaukar wayata.

Ɗan Sabon Gari: Alhaji, an cuce ka, irinta ba ta wuce jaka 150. TinySA kuwa 35 ce.

Mai shagon Dole: 70 ce, ta 35 sai dai jabu.

Malamin fasaha: Alhaji, kowace irin wannan na'ura ba ta ganin abin da ke ƙasa da hayaniyar osilatonta, kuma sai an rage faɗin matatar na'urar daga sakamakon kafin a kira shi dBc/Hz, wato ma'aunin hayaniyar faz. Idan aka haɗa osilato biyu a miksa, aka kulle su da bambancin digiri 90, ainihin mitar za ta ɓace, hayaniyar ta saura, katin sauti na kwamfuta ya karanta ta. Manyan na'urori layi biyu suke kwatantawa, kwatanci 100 yana rage tasu hayaniyar da dB 10.

Alhajin Birni: Malam, a kan allo komai yana kulluwa. Ka taɓa riƙe digiri 90 a zafin watan Afrilu?

Ɗan Sabon Gari: A kira tsohuwarmu, da kunne take gane tasha ta kauce, kuma goro kawai take karɓa.

Mai shagon Dole: Ni damuwata wuta ce. Duk awon da na yi, ƙusoshin haz 50 da 100 na hayaniyar wutar lantarki suna tsaye a allo, janareta kuma ya fi muni. Jiya da aka maido wuta ta ƙona mini caja. Wa ke da batir da inbata marasa ƙara?