Ta yaya ƙarfe yake tasowa daga lakar ƙasan teku?

Ɗalibi daga Ƙofar Sauri, Katsina:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa ruwan da ya kewaye Antaktika, wato Tekun Kudu, yana da wadatar sinadaran taki, amma ƙananan tsirran da ke shawagi a samansa ba sa yaɗuwa saboda ƙarancin ƙarfe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wai wani kaso na ƙarfen yana fitowa ne daga lakar gefen nahiyar, wadda ke nutse a zurfin mita 500 ko kusa da haka. Ta yaya abin da muka sani da nauyi zai taso daga laka?

Malamar kimiyya, Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tuna da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse da ke fitowa garau, amma idan ya kwana a bokiti sai ya yi ja. Ƙarfe ne narkakke a cikinsa, wanda ya koma tsatsa da ya haɗu da iska. A ƙasan teku akasin haka ke faruwa. Matattun tsirrai suna sauka kan laka, bakteriya suna cin su har oksijin ɗin cikin lakar ya ƙare, daga nan sai wasu bakteriyar su koma numfashi da tsatsa, su mayar da ita ƙarfen da ruwa ke iya narkarwa. Yawancinsa yana sake zama tsatsa kafin ya bar lakar, wani kuma farar wuta ta kama shi ta binne, kaɗan ne ke tsira, sau da yawa da taimakon tsutsotsin da ke tonon lakar. Wannan kaɗan ɗin shi ya sa hotunan tauraron ɗan Adam ke nuna ruwa kore shar saboda yaɗuwar tsirrai a bayan tsibiran Kagelen da Jojiya ta Kudu da ke yankin Tekun Kudu.

Tsohon ma'aikacin gona, Mani:
Malama, Allah ya ƙara basira. Ashe abin da hazon hunturu ke yi wa Tekun Atlantika ke nan, tunda ƙurar kwarin Bodele na Chadi ma tana ɗauke da ƙarfe. Tekun Kudu ya yi nisa da hamada, dole ya dogara da laka da dutsen da ƙanƙara ta niƙa.

Malamar kimiyya, Daura:
Haka ne, Baba, sai dai a yi hattara da masu cewa a zuba ƙarfe a teku domin tsirrai su shanye iskar kabon. Masanin Amurka John Martin ya fito da wannan hasashe sosai a 1990, kuma gwajin SOIREE na 1999, inda aka zuba ƙarfe a Tekun Kudu, ya nuna tsirran suna yaɗuwa, amma bai nuna kabon ɗin ya nutse can ƙasa ba. A Tekun Aktik na ƙuryar arewacin duniya kuwa, inda kogunan Lena da Yenisei na Rasha da lakar gaɓar Saiberiya ke ba da ƙarfe mai yawa, galibi naitirojin ne ke yi wa tsirran ƙaranci.